Gudummawa Bayan Gobarar Daji: Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Gaya

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Gaya da Ajingi, amma dagatai da masu unguwanni ma za su ƙaru in aka karanta musu shi. Maganarsa a kan abu guda take, watau yadda za a tara gudummawa, a tsare ta, a raba ta, bayan wuta ta ci daji ko gonaki, ko kuwa ta faɗo cikin ƙauye. Kashe wuta aikin yini ɗaya ne. Tayar da mutanen da ta durƙusar kuwa yakan ci wata tara, gama wanda rumbunsa ya ƙone cikin watan Disamba ba shi da sauran hatsi nasa na kansa sai gero ya sake nuna a watan Satumba.

Irin gobarar da ke damun ƙasarmu

1. Ƙasar Gaya ƙasar noma ce mai yawan jama'a, gona na haɗe da gona, ba ta da ƙungurmin daji irin na Falgore da ke kudancin Kano. Saboda haka abin da muke kira gobarar daji a nan, yawanci wuta ce da ke bin busasshiyar ciyawa a makiyaya da burtali da saura, ta kama karan da aka jingine da harawar da aka ɗora bisa itatuwa, da dammunan da ba a kwaso ba tukuna. Daga nan in iska ta taimake ta sai ta kama darni, daga darni sai jinka, daga jinka sai rumbu.

2. Lokacinta sananne ne. Tana farawa da shigowar hunturu wajen watan Nuwamba, sa'ad da iskar arewa maso gabas ta busar da kome, tana ƙaruwa har cikin bazara. Sanadinta kuma ba ɓoyayye ba ne: yara masu farautar gafiya da ɓera, masu ɗiban zuma da wuta, masu ƙona gawayi, guntun tabar da aka yar, tokar da aka zubar da sauran garwashi a ciki, da manomin da ya cinna wa sassabensa wuta ya tafi abinsa. Tun shekarar 2011 akwai dokar Gwamnatin Tarayya, wadda hukumar NESREA ke kula da ita, da ta hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba. Ya kamata a riƙa tuna wa jama'a wannan kowace kaka.

Wanda alhakin ke wuyansa

3. A zamanin En'e, hakimi shi ne mai tara haraji, kuma a ofishinsa akwai littafin da ke ɗauke da sunan kowane mai biyan haraji na kowane ƙauye. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, sa'an nan a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wannan ya sauƙaƙa wa talakawa, amma ya kawo wani abu da ya shafi darasinmu, watau yanzu ba wani littafi a ajiye da za a buɗe a ga waɗanda ke zaune a ƙauyen da ya ƙone. Sai an je an ƙidaya.

4. A yau kuɗin agaji na hannun ƙaramar hukuma da hukumomin gwamnati. Duk da haka, ba wani ma'aikaci da zai zo daga Kano ya san wane ne mai gida, wane ne baƙo, wace ce gwauruwa mai riƙon marayu, sai ta hanyar mai unguwa da dagaci da hakimi. Masarautar Gaya, yadda dokar watan Yuli na 2024 ta tsara ta, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Labarin gobara zai bi hanyarsa ta al'ada: daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fadar Mai Martaba Sarki, a kuma aika wa shugaban ƙaramar hukuma kwafe a rana ɗaya. In wutar tana ci tukuna, a kira 'yan kwana-kwana, ko a buga lambar gaggawa ta ƙasa, watau 112.

Inda taimako ke fitowa

5. Taimako iri huɗu ne, kuma ya kamata malamin hakimi ya san bambancinsu, domin kowanne da ƙa'idarsa.

Na fari shi ne na dangi da maƙwabta, watau jaje da gudummawa da karo-karo da gayya. Wannan ya fi kowanne sauri, gama kafin gari ya waye an kawo tuwo da tabarma da riga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanenmu sun san haka tun kafin a san wata hukuma.

Na biyu shi ne zakka da sadaka. A Jihar Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, wadda aka kafa a 2003. Gobarar daji takan zo ne daidai lokacin fitar da zakkar hatsi, wadda take ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, in amfanin ya kai nisabi.

Na uku shi ne na gwamnati: ƙaramar hukuma, da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kano da ake kira SEMA, da ta Tarayya da ake kira NEMA, wadda aka kafa a 1999. Waɗannan ba sa motsi sai da rahoto a rubuce, kuma sukan aiko da nasu mutane su gani da ido.

Na huɗu shi ne na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, da na attajirai. Cikinsu akwai Red Cross ta Nijeriya, wadda aka yi wa doka a 1960, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin ci gaban gari na 'ya'yan ƙasa mazauna Kano da Abuja da Legas. Irin wannan taimako yakan yi yawa ƙwarai in labari ya bazu. Bayan gobarar kasuwannin Kano ta 2016, wadda a cikinta kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris, gwamnatin jiha ta kafa asusun neman taimako, Alhaji Aliko Ɗangote shi kaɗai ya ba da naira miliyan 500. Amma ƙauye ba kasuwar Sabon Gari ba ne. Ba mai jin labarinsa sai an rubuta an kai.

Aikin farko: ƙidaya

6. Kada a wuce kwana biyu ba a yi ƙidaya ba, tun toka tana nan, tun ana iya ganin gindin kowane rumbu. Malamin hakimi zai tafi da kansa, gani ya kori ji. Zai tafi tare da dagaci, da mai unguwa, da liman, da Sarkin Noma, da Arɗo in wutar ta taɓa makiyaya, da wata dattijuwa da mata suka yarda da ita.

7. Ga abin da za a rubuta a kan kowane gida: sunan mai gida, yawan mutanen da ke ci daga tukunyarsa, manya da yara, ɗakunan da suka ƙone, dammunan gero da na dawa, da buhunan wake ko gyaɗa ko shinkafa, dabbobi, kayan sana'a, kamar keken ɗinki ko injin ban ruwa ko garmar shanu, da wanda ya ji rauni ko ya rasu. A ƙarshe a rubuta abin da ya tsira, domin mai rumbu uku da ɗaya ya ƙone ba daidai yake da mai rumbu ɗaya da ya ƙone ba.

8. Akwai mutane iri uku da akan manta da su. Na ɗaya mata. Kayan ɗakin mace, da awakinta, da jarin ƙuli-ƙulinta, dukiyarta ce ba ta miji ba, sai a rubuta su da sunanta, a kuma damƙa mata rabonta a hannunta. Na biyu makiyaya. Mai yiwuwa ne ba bukkarsu ko ɗaya da ta ƙone, amma ciyawar da shanunsu za su ci har damina ta tafi. In ba a kula da su ba, yunwa za ta tura shanu cikin gonakin rani, gobara ta haifi rigima. Na uku baƙi, watau 'yan cirani da almajirai da masu aron gona. Wuta ba ta tambayi asalinsu ba, kada littafi ya tambaya.

9. In an gama, a tara jama'a a ƙofar gidan dagaci a karanta littafin da babbar murya, suna bayan suna. Wanda aka tsallake ya yi magana, wanda ya ƙara wa hasararsa gishiri maƙwabtansa su gyara masa. Sa'an nan a sa hannu, a yi kwafe huɗu: na hakimi, na fada, na ƙaramar hukuma, da na SEMA. Daga ranar ba a ƙara suna sai da yardar dukan waɗanda suka sa hannu.

Abin da aka koya a wasu ƙasashe

10. Ƙasashen da suka fi mu dukiya sun sha gobarar daji, sun tara gudummawa mai yawa, sun kuwa yi tuntuɓe a wuraren da mu ma za mu iya yi. Ga misalai uku.

A Ostireliya, daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, wuta ta ci gidaje fiye da 3,000. Wata mai wasan ban dariya, Celeste Barber, ta nemi taimako ta Facebook, aka tara dalar Ostireliya miliyan 51. Amma sunan da ta sa a kan asusun na amintattun 'yan kashe gobarar karkara na jihar New South Wales ne. Da yawa cikin masu bayarwa sun zaci kuɗin zai kai ga waɗanda gidajensu suka ƙone. A watan Mayu na 2020 babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa ba za a ba wasu ƙungiyoyi kuɗin ba, sai dai a kashe shi kan kayan aiki da horon 'yan kashe gobarar, da taimakon waɗanda suka ji rauni cikinsu da iyalan waɗanda suka mutu. Darasi: a faɗi abin da za a yi da kuɗi tun kafin a karɓi kwabo.

A garin Lahaina na tsibiran Hawayi, a ƙasar Amurka, wuta ta tashi ran 8 ga Agusta 2023, ta kashe mutum fiye da 100. Jama'a suka yi ta aiko da tufafi har aka rasa inda za a zuba, hukuma ta roƙi a daina, a aiko da kuɗi. Darasi: a gaya wa masu bayarwa abin da ake bukata, kada a bar kowa ya aiko da abin da ya gaji da shi.

A Los Angeles, cikin Janairu 2025, gine-gine fiye da 16,000 suka ƙone. Mawaƙa suka yi wasa mai suna FireAid, aka tara wajen dala miliyan 100. An raba kuɗin ga ƙungiyoyin agaji domin su yi wa mutane hidima, amma da yawa cikin waɗanda gobarar ta shafa sun sa ran za a ba su a hannu, sai gunaguni ya tashi, ana tambayar ina kuɗin ya shiga. Darasi: ko an yi gaskiya, in ba a bayyana wa jama'a hanyar rabo ba, zargi zai shigo.

Tara gudummawa da tsare ta

11. Hakimi zai naɗa kwamiti na mutum biyar ko bakwai, a ciki har da mutum biyu daga waɗanda gobarar ta shafa. Shi kansa uba ne mai sa ido da sauraron ƙara, saboda haka ya fi kyau kada ya riƙe kuɗi, kada kuma ɗansa ko ƙanensa ya riƙe. Wanda za a kawo wa ƙara bai kamata ya zama wanda ake ƙara ba.

12. Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun bankin mutum ɗaya, kome amanarsa. A yi amfani da asusun ƙungiyar gari mai rajista, wanda ba a fitar da kuɗi daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Kowane abu da aka kawo, ko tiya ɗaya ce, a rubuta shi a ba da rasit. Hatsi a ajiye shi a ɗaki mai kwaɗo biyu, mabuɗan a hannun mutum biyu dabam.

13. A raba littafin zakka da na sauran gudummawa. Zakka tana da mutanenta iri takwas, waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Wanda gobara ta mayar matalauci ya shiga cikinsu, amma mawadacin da ya yi hasarar rumbu ɗaya bai shiga ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci ko makaranta da ita, kuma an fi so a raba ta a inda aka fitar da ita. Sauran gudummawa kuwa ta kowa ce, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. In wani abu ya shige duhu a tambayi malamai.

14. In wata ƙungiya ta zo daga waje, a marabce ta, sa'an nan a tambaye ta abu uku: takardar rajistarta daga hukumar CAC, da shaidar cewa ƙaramar hukuma ta san da zuwanta, da abin da ta kawo da wanda take nufi da shi. A ba ta littafin ƙidaya ta yi aiki da shi, kada kowace ƙungiya ta rubuta nata sunayen, gama ta haka ne gida ɗaya yakan samu sau uku, wani bai samu ko sau ɗaya ba. A kuma lura da mayaudara masu ɗaukar hoton ƙonannun gidaje su watsa a Facebook da WhatsApp tare da lambar asusunsu. Maganinsu shi ne a sanar da lambar asusu ɗaya tak, a masallatai da gidan rediyo. Kada a yarda a ɗauki hoton mutum yana miƙa hannu sai da izininsa. Wanda wuta ta tsiraita ba a ƙara masa da tozarci.

Rabo

15. Abinci bisa yawan baki ake raba shi. Ga misali domin malamai su gwada. A ce wuta ta ci gida 20, mutanen cikinsu 150, an kuwa tara buhu 30 na hatsi, kowane buhu tiya 40. Jimla tiya 1,200 ke nan. In aka raba gida gida, kowane gida zai sami tiya 60. Gida mai mutum 3 ya tashi da tiya 20 ga kowane mutum, gida mai mutum 15 kuwa tiya 4 kacal. In aka raba bisa yawan mutane, kowa zai sami tiya 8, gida mai mutum 3 ya ɗauki 24, mai mutum 15 ya ɗauki 120. Rabon farko ya yi kama da adalci a ido, na biyu shi ne adalcin.

16. Kayan gini kuwa bisa yawan ɗakunan da suka ƙone ake raba su, a fara da tsofaffi da gwauraye mata da masu jinya. Rabo a fili ake yinsa, da rana, a kira suna, mai shi ya karɓa da kansa ya dangwala yatsa. Ba ladan rabo, ba kason dagaci, ba na ɗan siyasa. Kowace Juma'a a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage.

17. Kada a rabar da kome a mako na fari. Gudummawa kamar ruwan kwari take, tana zuwa da ƙarfi ta ɗauke da wuri, yunwa kuwa sai cikin damina take tsananta. Saboda haka a kasa abin da aka samu kashi uku. Kashi na fari na yanzu ne: abinci, da bargo saboda sanyi, da magani. Na biyu na bazara ne: azara, da kara, da shuci ko kwanon rufi, a kira gayya a rufe ɗakuna kafin ruwan fari. Na uku na shuka ne: irin gero da dawa da wake, da taki, da ɗan hatsin da zai riƙe mai gida a gonarsa. Wannan kashi na uku shi ya fi muhimmanci, shi kuma aka fi mantawa da shi. Mutumin da ba shi da iri zai ci bashi ko ya jinginar da gonarsa, wanda ba shi da abinci cikin Yuli zai bar tasa gona ya tafi ƙodago a ta wani. Ta haka gobarar yini ɗaya takan zama talaucin shekara da shekaru.

Kada a koma gidan jiya

18. Akwai abu biyu da za mu koya daga 'yan'uwanmu na Nijar. A arewacin Maraɗi, wajen Dakoro da Bermo, da kuma ƙasar Tawa, inda wuta kan cinye makiyaya bayan damina mai albarka, gwamnati da ƙungiyoyin agaji sukan biya mutanen ƙauye su share doguwar hanya mai faɗi cikin ciyawa, domin wuta in ta iso ta rasa abin ci ta tsaya. Mutane sun sami kuɗin abinci ta hanyar guminsu, makiyaya kuma ta tsira. Ana iya yin haka a nan da wani kaso na gudummawa, a share kewayen ƙauye da gefen burtali.

Abu na biyu shi ne sassabin zamani, wanda manoman Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980. Itacen da wuta ta babbake sau da yawa saiwarsa tana da rai. In ya yi toho, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a tsare su daga awaki. Kalgo da sabara da gawo sukan dawo ta haka da sauri fiye da dashe. A hana masu gatari faɗa wa ƙonannun itatuwa sai an ga abin da damina ta yi.

19. In za a sake gini, a nisanta rumbu da madafa, a nisanta tarin kara da darni, kada a ajiye fetur a ɗakin kwana. Maƙwabtan ƙauyuka su ma su yi haka, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

20. In kaka ta yi, kwamiti zai rufe littafi, ya karanta lissafin ƙarshe a gaban jama'a, ya aika wa fada da ƙaramar hukuma da kowace ƙungiya da ta taimaka, tare da takardar godiya. In akwai saura, jama'a su yanke abin da za a yi da shi, a rubuta. Garin da ya ba da lissafi, in ya sake kuka za a sake jinsa.

Tambayoyi domin malamai

(a) Waɗanne mutane ne za su raka malamin hakimi wurin ƙidaya, don me kuma ake karanta littafin a bainar jama'a?

(b) Don me ake raba littafin zakka da na sauran gudummawa?

(c) An tara buhu 18, kowanne tiya 40, mutanen da gobara ta shafa su 90 ne. Tiya nawa gida mai mutum 11 zai samu?

(d) Rubuta rahoton gobara na shafi ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ka bi tsarin sakin layi na 7.

Allah ya kiyashe mu da gobara, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri, ya kuma ba shugabanni ikon riƙe amana. Amin.